Tsofaffin Hasumiya Ba Sa Cin Abinci

Auta ya gina birni guda a cikin kwamfuta, kuma in za a faɗi gaskiya, birnin ya ginu. Kamfanin da yake wa aiki wasannin waya suke yi, shi kuma nasa shi ne ƙirƙiro duniyar da za a yi wasan a ciki: tituna, kasuwanni, dodanni, har irin hular da masu gadi ke sawa. Birnin a maƙale yake a jikin wani dutse, gida bisa gida, gajimare na ratsa tsakar gidaje.

Wata rana ogansa ya duba zanen ya ce, "Ya yi kyau. To amma mutanen nan in sun ci sun sha, ina suke kai shi?"

Ofis ya ɗauki dariya, ban da Auta. Ya dawo gida ya duƙufa, ya ja bututun yumɓu daga kowane banɗaki zuwa gindin dutsen. Ya ƙirƙiro buzuzu masu girman jaki da ke mulmula abin su gangara da shi gonaki. Shara kuwa ya samo mata wani dodo mai cin tsumma da ƙashi, ya gina masa ɗaki a bayan kasuwa. Wuri ɗaya ya gagare shi, wato doguwar hasumiyar da tsofaffin birnin masu ilimi ke zaune a samanta. Bututu bai kai can ba, buzuzu kuma ba ya hawa matakala. Da ya gaji da juya abin, sai ya yi irin ta malalaci, ya rubuta cewa tsofaffin sun daina cin abinci, raɓa kawai suke lasa da safe. Oga ya yaba har da tafi.

Duk wannan a ɗakinsa yake yi. A ɗakin da ke manne da nasa kuwa Baba ne kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Tela ne a da, mutum mai tsafta har ta yi yawa, wanda ko zare ya gani a kafaɗar baƙo sai ya cire. Yanzu ga leda a kan katifarsa, ga fo a ƙarƙashin gado.

Da aka sallamo Baba daga asibiti, kowa ya san aikin gyara shi na Auta ne, shi ne ɗa namiji. Ya kuwa shiga ranar farko da ƙarfin hali. Yana janye zanin gado zuciyarsa ta tashi, ya fita a guje ya durƙusa bakin rariya yana kelaya amai, Baba na jin komai ta taga. Tun daga ranar bai sake gwadawa ba. Yayarsa ce ta rufe shagonta, ta bar wa mijinta yara, ta dawo gidan. In ta shiga da ruwan ɗumi da tawul, Baba sai ya juya fuska bango ya rufe ido har ta gama. Auta kuwa lokacin ne aiki ke taso masa, ya toshe kunne da abin jin sauti. Mutumin da ya kwashe wa birni guda ƙazanta ke nan.

Abin yana cin sa, ba wai ba ya cin sa ba. Don ya rage wa kansa nauyi sai ya ɗauki wani aikin mai sauƙi: kullum da la'asar yakan ja kujera ya karanta wa Baba labarin birnin. Baba na so, buzuzun nan har dariya suke ba shi da rabin baki. Ranar da aka zo kan hasumiya kuwa sai ya ce da harshensa mai nauyi, "Wato ba sa wahalar da kowa?"

"Ko kaɗan, Baba," in ji Auta, baki har kunne. "Ai shi ya sa ake girmama su. Ba mai hawa ya kwashe musu komai."

Bayan 'yan kwanaki Baba ya fara ture cokali. Shinkafa ya ce ta yi tauri, shayi ya yi zaƙi, ruwa ma sai dai ya jiƙa leɓe. Aka kira ma'aikaciyar jinya ta duba maƙogwaro da ciki, ta ce ba ta ga komai ba, amma in aka ci gaba a haka sai dai a koma asibiti, kuma jikin nan ba zai jure ba.

Yaya ta sami Auta a ɗakinsa da hantsi, ta cire masa abin kunnen da hannunta.

"Malam mai birni, ubanka na mutuwa a bayan bangon nan."

"Haba Yaya, wace irin magana ce wannan?"

"Irin wadda ka ji. Yau ko fitsari bai yi ba, fo a bushe na ɗauko. Ka san me ya ce min? Wai in koma gidana, ya kusa hutar da ni. Ni na ce masa na gaji?" Muryarta ta karye, ta goge ido da gefen mayafi. "Kai yake jin maganarka. Je ka lallashe shi, tunda baki dai kana da shi."

Auta ya shiga ɗakin Baba. Ɗakin ba wari ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi tayar masa da hankali. Baba ya rame, leɓensa ya tsattsage, ga kofin shayi da burodi a kan kujera an rufe da faranti. Da ya ga Auta sai idonsa ya ɗan yi haske, ya yafito shi da hannun da ke motsi.

"Dama ina son tambayarka," ya ce a hankali. "Tsofaffin nan naka. Raɓar nan, tana riƙe su har yaushe?"

Auta ya zauna a bakin gadon, ledar ta yi ƙara a ƙarƙashinsa. Kunya ta rufe shi, irin wadda mutum ke rasa inda zai ajiye idonsa. Ashe duk la'asar ɗin nan da yake ganin yana sauke hakki, hanya yake nuna wa tsohon.

"Baba, ƙarya ce," ya ce. "Ba wata daraja a ciki. Bututu na kasa kai musu, na ji ƙyuyar sake zane, shi ne na hana su ci. Wallahi iyakar abin ke nan."

Baba ya dube shi. "Amma dabara ce mai kyau."

"Ba kyau, Baba. Mutuwa za su yi."

Ya ɗauko kofin, ya gutsura burodi ya tsoma, ya ɗebo a cokali. Ya kai cokalin bakin Baba. Baba ya datse baki, ya kai idonsa ƙofa inda Yaya ke tsaye, ya dawo da shi.

"In na ci, wa zai kwashe? 'Yata ce fa. Ni na yi mata wanka tana jaririya, yanzu ita ce take..." Bai ƙarasa ba.

"Ni zan kwashe."

"Kai da ka yi amai."

"Zan sake yi ma, na sani. In na yi sai in wanke baki in dawo in ƙarasa. Gobe ma haka." Ya juya. "Yaya, nuna min inda kike ajiye tawul da sabulun, sannan ki je ki ga yaranki."

Yaya ta shigo ta jawo bokiti daga bayan ƙofa, da tawul da sabulu a ciki, ta dire a gaban ƙafarsa, ta fita ta ja musu ƙofar.

Suka rage su biyu. Shayin ya riga ya huce, burodin ya narke a cokali, Auta bai sauke hannu ba ko da kafaɗarsa ta fara ciwo. Baba yana kallon bokitin, hawaye na gangarowa ta ɓarin fuskar da ba ta motsi.

Can ya buɗe baki kaɗan, iya shigar cokali.