Gawayin Auta da Motar Yaya

Ranar da Yaya ya sayi mota, ranar lambun Mama ya zama matsala. Shekara uku ke nan da rasuwarta, lambun yana nan a tsakar gida ba wanda ya ce masa ci kanka: lemun tsami guda da ya sunkuya kamar mai ciwon baya, lalle da ya koma tsinke, da ƙasar da ta yi taurin da ko kaza ta daina ɓata farcenta a kai. Yaya ya fara gwada ajiye motar a bakin get, amma can rana ke duka tun azahar, sitiyari ya koma kasko. Sai ya tsaya yana juya makulli a yatsa, ya dubi wurin Mama, inda inuwar ɗaki ke sauka da yamma, ya ce za a sare komai a zuba siminti.

Auta, ƙanwarsa, tana tsugune tana wanke-wanke. Ta ce ai Mama ce ta dasa lemun nan da hannunta. Yaya ya ce Allah ya jiƙan Mama, amma bai ji ta bar wasiyyar a ajiye juji a tsakar gida ba.

Baba, wanda tun da ya yi ritaya ya rage magana kamar sayar masa da ita ake yi, ya sauke rediyo daga kunne.

"A ba ta zuwa ruwan farko. In ya zama lambu, ya zauna. In bai zama ba, ka kira birkila."

Yaya ya amince har da murmushi. Bazara ce ke kamawa, lokacin da ko ƙusa ka dasa sai ta yi yaushi. Ya zaro wa Auta abin da ya kira jari, wanda ko katin waya bai isa ba, ya kai motarsa kwana gidan mai.

Auta a shagon ɗinkin bayan layi take aiki, ita ce mai maɓalli da guga. Karatunta ya tsaya ne lokacin jinyar Mama. Abin da ta sani na shuka, rabi daga kallon hannun Mama ta samo shi, rabi daga wani tsoho mai sayar da dashe a bakin titi, wanda take yi wa tambaya har ya fara yin kamar yana barci in ya hango ta.

Mako guda cur ba ta shuka komai ba. Gawayi kawai ta ɗauka. Da hantsi ta ja layi a inda inuwa ta tsaya, a ƙasa da jikin katanga, ta rubuta lokaci. Da tsakar rana ta ajiye dutsen guga ta rugo gida ta ja wani. Azahar wani, la'asar wani. Kafin mako ya ƙare tsakar gida ta koma kamar allon lissafi. Haka Mama take yi da ido. Ita ba ta da idon Mama, amma tana da gawayi.

Anti, matar Yaya, wadda tun zuwan mota ta fara sa tabarau har a kicin, ta ce wannan abin kunya ne in baƙi suka zo. In ma lambu ake so, ai akwai masu shi. Ta kira ƙaninta, wanda ya yi kwas na mako biyu a waya, ya buga kati mai ruwan gwal da ke cewa shi Ƙwararren Mai Tsara Muhallin Furanni ne. Tun daga nan mutanen gidan suke ce masa Ƙwararre.

Ya zo da farin takalmi, da tabarau, da safar hannu, da tef na awo da bai taɓa warware shi ya wuce kamu ɗaya ba. Ya zagaya yana gyaɗa kai kamar likita a kan gawa. Ya tambaya wane yaro ne ya ɓata katanga, ya sa a wanke. Auta ta wanke masa tas, don tun jiya ta kwafe zanen a bayan kwalin maɓalli. Daga nan ya nuna katangar bakin get, ya ce nan furanni za su zauna, domin a ilimance nan idon baƙo ke fara sauka.

"Nan ma rana ke fara sauka," in ji Auta. "Kuma ba ta tashi sai la'asar sakaliya."

Ya cire tabarau ya dube ta. "Ƙanwata, a wace makaranta kika karanta fannin?"

"A tsakar gidan nan."

Ya yi dariya irin ta masu yafiya. Washegari aka sauke tukwane goma sha biyu daga wani gidan furanni inda ake renonsu a ƙarƙashin raga, ba su taɓa gaisawa da rana ido da ido ba. Kowace tukunya da 'yar takardarta, suna ya fi shukar tsawo. Farashin kuwa Yaya bai bari ya kai kunnen Baba ba. Aka jera, aka yi hotuna, Anti ta tsaya a gefe tana shafa ganye kamar ita ta haife shi.

Ita Auta yawo ta shiga. Mai fenti ya ba ta gwangwanaye, mai faci ya ba ta tayoyi uku har da godiya don ta rage masa shara. Ta share wa maƙwabciya garken awaki, ta kwaso takin a buhu. Ta roƙi reshen na'ana'a nan, saiwar ɗoɗɗoya can, ta matse ruɓaɓɓen tumatir da barkono a kan takarda ta shanya irin. Jarin Yaya almakashin yankan reshe ya saya, na hannu, mai gunji. Da shi ta yi wa lemun askin da ya sa Anti ta ce ta ƙarasa shi. Ta binne tsohon tulu mai tsaga a gindinsa, baki a waje, tana cika shi da ruwan wankin shinkafa, yana tsatsafowa a hankali inda rana ba ta gani. Kowane gwangwani sai ta duba kwalinta kafin ta ajiye: na'ana'a inda inuwa ke wuni, barkono inda rana ke kai wa azahar.

Tana neman buhu a sito ta ci karo da wani busasshen soso na Mama, da ɓawonsa, rataye a ƙusa. Ta girgiza shi, ta ji iri na ƙara a ciki. Ta daɗe a tsaye da shi a hannu. Sannan ta je gindin katangar nan mai zafi, bayan tukwanen Ƙwararre, ta tona rami huɗu, don ta san soso shi da rana abokai ne. Ta kwaso ƙyallayen da ake zubarwa a shago ta tufka igiya, ta ɗaɗɗaure daga kan katanga zuwa rufin baranda. Anti ta ɗauka shanya ce, har ta rataya tawul.

Furannin Ƙwararre kwana biyar suka yi. Rana ta uku ya ce hutun sabawa da muhalli suke yi. Rana ta huɗu ya ce ruwan famfo ne bai karɓe su ba, a koma na gora, aka koma. Rana ta shida wayarsa ta daina shiga. Anti ta kwashe su da kanta ta jibge a bayan banɗaki. Auta ta bi ta tsince, ta kankare kowane reshe da farce, inda ta ga kore ta datse sama ta kai inuwar lemu. Biyar suka farfaɗo. Takardun sunan ta haɗa ta hura gawayin guga da su.

Wata biyu da 'yan kwanaki aka yi ana wannan. Hannunta ya yi kanta, mai shago ya yi mata faɗa sau biyu a kan gudun tsakar rana. Akwai makon da aka ɗauke ruwa, tumatir rabi suka mutu, ta zauna a bakin taya ta yi kukanta ta share, ta sake shuka wasu.

Ruwan farko ya sauka wata Laraba da hantsi. Washegari Yaya ya zo da birkila, ya ce alkawari kaya ne, kuma shi a saninsa tarin gwangwani ba lambu ba ne.

Birkila ya ajiye kwanon siminti ya tsaya kallo. Lemu ya yi sabon ganye har da farin fure. Lalle ya murmure. Barkono ya yi ja a cikin gwangwanin fenti, na'ana'a ta cika taya tana neman hanyar fita, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗoɗɗoya ya cika gidan. Ya tambayi Yaya ko dai ba wannan gidan ba ne.

Yaya ya taɓa ganyen lemun, ya sake. Da ya yi magana muryarsa ta sauka. Ya ce to ya gani, ba ya musu, amma shi fa motarsa ina za ta zauna?

Auta ta ce a jira azahar.

Aka jira. Birkila ya sha shayi kofi biyu. Da rana ta take, ta kai su bakin get, wurin da ya toya furanni goma sha biyu. Soso ya bi igiyoyin ƙyalle ya rufe sama ruf, ganye kamar tafin hannu, furanni rawaya birjik, ƙasa inuwa lumshi. Yaya ya kwana biyu yana wucewa ta ƙarƙashinsa, amma mai kallon makulli ba ya ɗaga kai. Ta miƙa wa birkila kwalin maɓalli, ta nuna masa layin da inuwar ke kaiwa har la'asar. Ya warware tef ɗinsa har ƙarshe, ya auna, ya ce mota za ta shiga, a buɗe ƙofa huɗu ba a taɓa katanga ba. Ya ƙara da cewa zai bar gindin shukar ba siminti, in za a sam masa reshen na'ana'a ya kai wa uwargidansa.

Baba ya taso daga kujera, abin da ba ya yi sai don salla. Ya ɗaga kai ya dubi ganyen.

"Na mamarku ne?"

"Nata ne, Baba. A sito na samu."

Ya gyaɗa kai. "Zuba a nan," ya ce wa birkila, ya koma wa rediyonsa, amma bai kunna ba.

Bayan mako biyu wayar Ƙwararre ta warke. Ya zo gaishe da yayarsa, ya tarar da mota a inuwa, furanni rawaya sun zubo a kan gilashi. Ya ɗauki hoto ta gaba, ya ɗauka ta baya, ya ce wannan nau'in ya taɓa gani a kwas, sunan ne kawai ya kwanta masa. Ya juyo wurin Auta, wadda ke cika tulu a gindin lemu.

"Ƙanwata, tuna min."

"Soso ne. Wanda ake wanka da shi."

Ya ce ƙwarai, abin da yake shirin faɗa ke nan.

Yaya har yau yana mitar furen da yake sharewa daga kan mota kowace safiya. Amma in ya gama wanke ta, bokitin ɗauraya na ƙarshe ba ya zubar da shi a kwata. Sai ya waiga ya tabbatar Anti ba ta kallo, ya juye a gindin soson. Auta tana ganinsa ta tagar kicin, ba ta taɓa cewa komai ba. Ranar nan ne dai ta ce masa ya rage sabulu.