Ƙullin Hannu Ɗaya

Kwana biyu kacal Gwaggo ta yi ba ta leƙa sito ba, amma kwana biyun nan sun isa a yi mata aika-aika.

Shekararta goma sha ɗaya tana haɗa jakunkunan agaji a wannan sito, irin waɗanda ake kai wa mutanen da ruwa ko gobara ta raba da gidajensu. Kowace jaka gida ne guda a naɗe: tamfol da sandunansa na ƙarfe, turaku da guduma da igiya, bargo biyu, tabarma, gidan sauro, tukunya, ashana, tocila, da ƙwayar da ake jefawa a ruwa don ya shawu. Daga manaja har mai gadi Gwaggo suke ce mata, kuma kowa na shakkar bakinta, da gaskiyarsu kuwa.

Abin da ya fitar da ita, ambaliya ce ta cinye garin da autarta take zaune a hayin kogi, ga Auta da ɗanyen jego, kwana goma sha ɗaya da haihuwa. Maganarsu ta ƙarshe a waya, Auta ta ce, "Umma, mun hau tudun makaranta, ruwa ya kai taga," daga nan wayar ta mutu. Gwaggo ta bi hanya har inda kwalta ta nutse, aka ce mata babu mai tsallakawa sai kayan agaji. To, ai kayan agajin daga sitonta za su fito. Sai ta juyo.

Ƙarfe tara na safe ta shigo, ruwa na dukan kwanon rufi kamar da gayya. Ga jakunkuna ɗari uku a jere reras, ga babbar mota ta kawo baya bakin ƙofa. Manaja, wani matashi mai yawan duba agogo, ya tarye ta baki har kunne.

"Gwaggo, mun hutar da ke," in ji shi. "Da na ga ba kya nan, sai na ɗauko 'yan dakon tasha. Wuni ɗaya suka gama, wallahi kamar inji."

Ta jawo jaka ɗaya, ta dubi bakinta. Ƙulli uku ne a kan juna, an ja su har igiyar tana ƙyalli. Ta sa farce, ta sa haƙori, a banza, sai da ta ɗauko almakashi. Tana buɗewa ta ga bargo a sama, lallausa, a ninke tsaf. Ta zura hannu har kafaɗa kafin ta taɓo tamfol can ƙasan jakar.

"Wane ne ya shirya wannan?"

Shugaban 'yan dakon ya matso. Kafaɗa ake ce masa, wani ƙato mai furfura, wuyansa ya fi cinyar wani kauri.

"Ni ne, Gwaggo," ya faɗa yana buga ƙirji. "Mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama. Shekara talatin ina lodi, kayana bai taɓa zubewa ba. Ƙullin nan kuwa, ko mota ta wuntsila ba zai kwance ba."

Kuma fa gaskiya ya faɗa, nan ne abin haushin. Bawan Allahn nan bai yi ha'inci ba, aikinsa ya yi, ya kuma yi shi da kyau. Sai dai shi aikinsa yana ƙarewa ne a inda aka sauke kaya. Bai taɓa tsayawa ya ga wanda zai kwance ba.

"Sai an zazzage su duka an sake," in ji Gwaggo.

Manaja ya dafe kai. "Haba Gwaggo! Ƙarfe biyu motar nan za ta tashi. Masu kwale-kwale sun ce huɗu na yi za su saki gaɓa, ba sa tsallaka wannan ruwan in duhu ya kawo jiki. In muka makara, babu mai samun ko tsinke yau. Kayan nan fa duk suna ciki, meye bambancin sama da ƙasa?"

Kowa ya zaci za ta fara faɗan nan nata da ake ji har bakin titi. Ba ta yi ba. Galan ɗin ruwa ta ɗauko, ta naɗe shi da tsohon zanen da take ɗaurawa in za ta yi aiki, ta ɗora wa Kafaɗa a hannun hagu.

"Ga jaririnka. Kwanansa sha ɗaya. Ba a ajiye shi a ƙasa, ƙasar taɓo ce." Ta tura wata jakar da ƙafa har tsakar fili, cikin ruwan sama. "Bismillah, kafa mana rumfa mu gani."

'Yan dako suka kwashe da dariya. "Barka da arziki, Kafaɗa! Mace muka samu ko namiji?" Shi ma yana dariyar ya fita, yana rangaji kamar mai jijjiga yaro.

Ƙullinsa ne ya fara cin amanarsa. Igiyar ta sha ruwa ta kumbura, ya ja da hannu ɗaya, ya durƙusa ya sa haƙori, ko gezau. Wani ya jefa masa wuƙa.

"Wace mai jego ce ta gudu daga ruwa da wuƙa a ƙugu?" in ji Gwaggo. "Amma bar masa, mu ga sauran."

Ya yanke. Ya zaro bargo, ya rasa inda zai sa, ya rataya a wuya. Na biyun ya sulale cikin taɓo. Gidan sauro ya bi shi, kwalin ashana ya bi shi, tukunya ta gangara tana ƙara. Kafin hannunsa ya kai ga tamfol, babu abin da bai jiƙe sharkaf ba. Dariyar kuwa tun tuni ta ɗauke, sai ƙarar kwano kawai.

Gwaggo ta fita cikin ruwan, ta zare bargon daga wuyansa, ta murɗe shi a gabansu, ruwa ya zuba shaa.

"Shekara ashirin da shida ke nan aka miƙo mini irin jakar nan," ta ce, muryarta a dake. "Haka aka shirya ta, bargo a sama. Ina riƙe da yayan Auta, watansa huɗu. Rumfar kam na kafa ta tsaf, sai dai ba ni da busasshen ƙyalle ko ɗaya da zan rufa masa. Kwana uku ya yi yana tari. A na huɗu muka binne shi."

Yawancinsu ba su taɓa sanin tana da wani ɗa ba.

"Yau 'yata ce a kan tudun nan da jariri a hannu. Ban san wacce jaka za ta faɗa hannunta ba. Saboda haka duk ɗari ukun nan nata ne."

Kafaɗa ya shigo yana ɗiga. Ya nemi busasshen wuri a kan tebur, ya kwantar da galan ɗin a hankali, ya ma manta galan ne.

"Gwaggo, nuna mana yadda kike yi."

Ta nuna musu. Ashana da tocila a cikin tukunya a rufe. Bargo a can ƙasa, a naɗe cikin tabarmar roba. Sanduna a tsaye ta gefe. Tamfol a sama, turaku da guduma a cikin ninkinsa, yadda mutum zai zaro shi ya fara lulluɓe kansa da jakar gaba ɗaya kafin ya taɓa komai. Sannan ƙulli: zarge ne mai kunne biyu da doguwar jela, ja ɗaya ya saki.

Kafaɗa ya girgiza kai. "Nauyi a sama, ba za su tsaya a mota ba. Ramin farko za su kife. Jelar nan kuma in ta maƙale da wani abu, shi ke nan, kaya sun watse."

Wannan kam Gwaggo ba ta yi tunaninsa ba, don ita a kwali ta saba sa su, kwalayen kuwa sun ƙare.

Kafaɗa ya sosa furfura. "A kwance za mu jera su, baki na kallon baki, jela a danne a ƙarƙashi. Ke ki ji da jaka, ki bar mini mota."

Manaja ya dubi agogo, ya dube su. "Ni dai na faɗa, biyu na bugawa motar nan ta tashi, an gama ko ba a gama ba." Ya faɗi haka da muryar manya, sannan ya tuɓe kwat, ya ɗauki almakashi ya hau yanke ƙulli. Yaron kirki ne, tsoron makara ne kawai ya yi masa yawa.

Aka ja layi. Wani na zazzagewa, wani na naɗe bargo, wani na ninke tamfol, jaka na tafiya hannu zuwa hannu har ta iso gaban Gwaggo. Ƙullin kam ba ta bar wa kowa ba. Ta gwada koya wa mutum biyu, sai ta ga hannunsu da kansa yake ƙara ƙulli na biyu a kai, sabo ya riga ya bi jiki. Ta kore su, ta zauna a kan wani kwando da aka kife, tana ɗaurewa tana masifa. "Wannan ninki ne ko dambe kuka yi da shi? Kai mai jar hula, bargo ne ba buhun siminti ba!" Wajen sha biyu igiya ta saɓule mata fatar yatsa biyu. Ta naɗe su da salatif ta ci gaba. Tsoro na cin ta a ciki, tsoron kada duk wannan ya zama aikin banza, kada Auta ma ba ta kan tudun. Duk lokacin da tunanin ya taso sai ta ƙara sauri.

Ƙarfe biyu ta buga, saura jaka arba'in da huɗu.

"Gwaggo, don girman Allah," in ji Manaja, tafin hannunsa duk ya yi bororo.

"Wa ya ce maka a jira? A loda gyararrun a ciki, sauran a bakin ƙofa. A hanya zan ƙarasa."

"A bayan mota? Da gwiwar nan taki?"

"Da gwiwa ake ɗaure jaka?"

Ta kama ƙarfen motar ta kasa hawa. Kafaɗa ya ce ta yi haƙuri, ya ɗaga ta cak ya ɗora, shi ma ya haye da mutum ɗaya cikin yaransa. Direba ya leƙo ya ce hanyar duk ramuka ce. Ta ce masa shi dai ya riƙe sitiyari, ba shawara ta nema ba.

Wayyo, tafiyar nan! Motar na tsalle, tukwane na kaɗawa, kan Gwaggo ya bugi ƙarfe ya fi a ƙirga. Kafaɗa ya tokare ƙafa a jikin ƙofa yana zazzagewa, ɗayan na shiryawa, ita tana ɗaurewa, jini ya ɓullo ta cikin salatif. Ba mai magana sai ƙidaya. Saura ashirin. Saura tara. Tana jan kunnen ƙulli na ƙarshe direba ya taka birki, ga kogi nan ja wur, ya cika ya batse, babu alamar ɗaya gaɓar.

Kwale-kwale shida ne ke jira. Aka yi ta miƙa jakunkuna, Kafaɗa na tsaye cikin ruwa har gwiwa yana nuna yadda za a kwantar da su. Da aka zo kan na ƙarshe, Gwaggo ta tattare zani ta sa ƙafa za ta shiga. Tsohon da ke tuƙa shi ya tare ta da hannu.

"Baiwar Allah, in na ɗauke ki, jaka biyu zan sauke. Gida biyu ke nan. Ki zaɓa."

Ta tsaya da ƙafa ɗaya a ciki. Ranta ya so tafiyar nan kamar ta yi ihu. Ta dubi jakunkunan, ba ta san ko ɗaya daga cikin biyun ce ta Auta ba. Ta janye ƙafarta.

Ta fara kwatanta masa 'yar: doguwa, da tabo a haɓa, da jariri. Tsohon ya ce mutanen da ke kan tudun sun fi dubu, ba zai yi mata alkawarin ƙarya ba. Ya tayar da inji suka tafi.

Ta ƙi shiga gaban mota. A gindin taya ta tsaya, ruwa na sauka a kanta, idonta a kan kogi. Kafaɗa ya zo ya tsaya kusa da ita, ya ce ƙullin nata bai kwance ba ko ɗaya a hanya. Ta ce ta gani.

Dab da faɗuwar rana kwale-kwalen suka fara dawowa wayam. Na tsohon ne na ƙarshe. Tun bai kashe inji ba yake ɗaga mata hannu.

"Ban neme ta ba, ita ta neme ni," ya ce yana haki. "Ana cikin rabo aka miƙa wa wata yarinya jaka, da jariri a ƙirjinta. Tana ganin ƙullin ta fashe da kuka, wai wannan hannun uwarta ne, haka take ɗaure mata kaya tun tana 'yar makaranta. A gabana ta ja shi da hannu ɗaya. Ban baro wurin ba sai da rumfar ta tsaya."

"Yaron fa?" in ji Gwaggo.

"Ta ce in faɗa miki, yana cikin bargo. Ta ce lallai in faɗa miki bargon a bushe yake."

Gwaggo ta zauna daɓas a cikin taɓo, ta rufe fuska da yatsun nan masu salatif. Kafaɗa ya sunkuya don ya ji abin da take faɗa. Kalma ɗaya ce take ta maimaitawa tana kuka: a bushe, a bushe.