Ƙusoshi Ashirin a Bayan Ƙofa

Ni mai faci ne. Rumfata tana bakin babban titi, daidai inda hanya ta gangaro daga tudu ta nufi tsohuwar gada. Ina da kwampreso ɗaya mai tari kamar tsoho, da bahon ruwa, da ƙarafan cire taya uku, da wani babban gwangwanin madara da nake jefa duk ƙusar da na ciro daga taya. Shekara shida ina jefawa, ban taɓa zubarwa ba. In direba ya tsaya yana rantsuwa tayarsa sabuwa ce, sai in girgiza masa gwangwanin in ce su ma waɗannan duk a jikin sababbi na same su.

Taku goma sha biyar daga rumfata akwai ƙofa. Ƙofa ce kawai, ba bango, ba rufi, ba ɗaki. Katako ne mai kauri tsakanin ƙarafa biyu, tana tsaye ita kaɗai cikin ciyawa. In ka buɗe ta ka shiga, to ka fita ke nan.

Kakana ne mai ita, tsohon kafinta. Kullum da safe zai zo da sandarsa ya zare sakata ya buɗe, kafin rana ta faɗi kuma ya dawo ya rufe. Tun kafin a haife ni yake haka. Matafiya kan tsaya su ɗau hoto suna dariya. Gwaggo mai lemo, wadda tirenta ke jikin rumfata, ita ce mai ba su labari. Wanda ya sayi lemo kaɗan ta ce masa ƙofar wani mai rowa ce da ya fara gini ya fasa. Wanda ya sayi da yawa ta sa masa aljanu, har da sunan sarkinsu. Ina yaro na taɓa tambayar Kaka gaskiyar zancen, ya ce, "Iska ce ke damun mutane." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Wata ranar Litinin masu auna titi suka zo. Za a faɗaɗa hanya. Suka bi gefen titi da jan fenti, duk abin da zai tashi su shafa masa alama. Rumfata ta tsira da ƙyar, ƙofar ba ta tsira ba. Suka ce injiniya za ta zagayo ranar Alhamis, katafila kuma Juma'a.

Kaka ya zo rufewa ya ga jan fentin. Ya sa sakata ya tafi, kuma Inna, wato mahaifiyata, ta ce ranar ko cokali bai ɗaga ba.

Sai na yi dabara. Na ce abin da ya yi kyau ana jin kunyar rusa shi. Ranar Laraba Inna ta kai Kaka asibiti a duba masa ido, ya bar mini buɗewa. Na sayo shuɗin fenti da burushi. Na kankare gaban ƙofar, na zagaya baya, sai ga wasu tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa a kafe, wata sama wata ƙasa, ba tsari. Hannun mai faci kuwa ba ya ganin ƙusa ya ƙyale. Kafin in yi tunani na zare su duka da filaya, na watsa cikin gwangwanina, har na girgiza kamar yadda na saba. Na cike ramukan da garin katako da gam, na shafa fenti sau biyu.

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ka mai da tsohuwa amarya."

Da yamma Kaka ya iso da auduga a ido ɗaya. Ya dubi ƙofar ya yi murmushi. Ya ce, "Kai, Sarkin Ƙusa, ashe ban da huda kana da wata sana'a." Haka yake kirana, wai ni nake barbaɗa ƙusa a titi don in sami aiki. Ya zagaya baya ya ɗora tafin hannunsa a katakon. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Murmushin ya tafi.

Ya ce, "Ina mutanena?"

Na ce, "Waɗanne mutane, Kaka?"

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ja wata tsohuwar taya ya zauna, Gwaggo ta daina fere lemo ta matso.

Ya ce lokacin da ake gina tsohuwar gadar can, nan wurin masaukin leburori ne, dogon ɗaki na katako da kwano. Shi ya kafa ƙofar. Su ashirin ne har da shi, kowa daga nasa garin. Ba su da wurin rataye hula, sai ya buga wa kowa ƙusa a bayan ƙofa, daidai tsayin kansa, don kada a yi rigima. Ƙofar kuwa ba ta da sakata, iska ta yi ta buga ta, su yi ta yi masa tsiya wai kafinta ne na ƙarya. Wata ranar hutu da tsakar rana, suna kwance a ciki bayan cin abinci, suka matsa masa, ya sa hularsa ya haura tudu wurin maƙeri ya karɓo sakata. Yana can madatsar ruwa da ke sama ta ɓalle.

Ya ce, "Na dawo da sakata a hannu, na tarar da ƙofa ita kaɗai. Sai na sa mata, tun da na yi alkawari."

Kamfanin da ke ginin ya kawo wasu leburorin, aka gama gada. Ba a rubuta sunan kowa a ko'ina ba. Ƙusoshin nan su ne rajistarsa. Kullum in zai rufe sai ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ya kira mai ita a zuci. Yanzu tsufa ya zo, in hannunsa bai taɓa ƙusa ba sunan ba ya zuwa.

Na ce, "Suna nan, Kaka, ban zubar ba."

Ya ce, "Suna ina?"

Na ɗauko gwangwanin na ajiye a gabansa. Ya leƙa da idonsa ɗaya, ya ga ƙusoshin shekara shida. Gwaggo ta toshe baki da gefen zane, amma dariyar ta ƙwace. Can sai na ga kafaɗun Kaka ma suna rawa.

Ya ce, "Ka zuba mini bayin Allah cikin ɓarayin hanya."

Washegari tun da sanyin safiya muka shimfiɗa buhu muka juye gwangwanin. Kaka ya ce nasa ƙirar maƙeri ne, masu kusurwa huɗu, ba irin na kanti masu santsi ba. Ya rufe idon da ya rage, yana tsinta da yatsu kamar mai tsince tsakuwa a hatsi. Ni kuma aikina nemo ramukan da na binne. Nan sana'ata ta yi rana, don mai faci ba da ido yake neman huda ba. Na riƙa bin katakon da kan yatsa a hankali, yadda nake bin cikin taya, in na ji fenti ya ɗan loɓa sai in tono da tsinke.

Rami na farko can ƙasa yake, wajen ƙirjina. Kaka ya taɓa ya ce, "Gajere ke nan. Ya ce in ɗaga masa ƙusarsa sama kada baƙi su gane, na ce hular za ta riƙa kwana ita kaɗai." Ya zaɓi ƙusa ya buga. Na sama duka na Liƙo-Sama ne, wanda ƙafafunsa ke kwana a waje. Sai Mai Usur, da Ba-Ka-Wanka, da Malam Shiru wanda ya shekara bai yi magana ba, ran da ya buɗe baki sai ya ce miya ba gishiri. Gwaggo ta riƙa gyara masa labari alhali ba a haife ta ba a lokacin. Direbobi biyu da suka kawo faci suka manta da tayoyinsu, suka tsuguna suna taya mu tsinta.

Muna kan na goma sha ɗaya farar mota ta tsaya. Injiniyar ta fito da hular kwano da takardu a hammata. Ta dubi shuɗin fentina ta ce, "Wa ya shafe mana alama?"

Na ce, "Ni ne, ranki ya daɗe. Na ce ko za ki ji kunyarta."

Ta ce, "Fentin dai ya yi kyau, amma titi ba ya jin kunya." Ta juya wurin Kaka ta rusuna. "Baba, sannu da aiki. Me ake bugawa?"

Ya ce, "Ango ne, 'yata. Sati uku da aurensa, wasiƙa ɗaya yake sa a karanta masa kullum har muka haddace ta. Riƙe mini shi in sami guduma."

Ta riƙe ƙusar. Daga nan ba ta koma mota ba. Ta tura direbanta ya ci gaba da zagayen, ta zauna kan taya, Gwaggo ta fere mata lemo. Da ta ji labarin ruwan ta ce ta karanta duk takardun gadar nan, ba ta ga layi ɗaya a kansu ba. Ta juya bayan takardarta ta fara rubuta sunayen yadda Kaka ke faɗa.

Muka buga goma sha tara. Rami ɗaya ya rage, ƙusa babu. Muka sake bin buhun sau biyu.

Gwaggo ta yi gyaran murya ta ce, "Mai kusurwa huɗu, ɗan kanta a karkace?" Ta nuna ginshiƙin rumfata, inda ragar lemonta ke rataye. "Jiya ta faɗi gefen gwangwani, na ga tana da ƙwari."

Kaka ya taɓa ramin ya ce, "Tawa ce."

Gwaggo ta ce, "To ka gani, Baba, ni mai rai na ɗauka aiki. Da na ɗauki Malam Shiru ai da ban yi ciniki ba."

Injiniyar ta yi dariya har ta ƙware da lemo. Da ta huce ta ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, hanya ba za ta kauce ba. Amma katafilar da ke rusawa tana iya ɗauka. In akwai inda za a ajiye ta."

Na ce akwai fili bayan rumfata, inda nake tara tsofaffin tayoyi.

Ranar Juma'a mai katafila ya zo yana cewa aikin minti biyar ne. Ya haƙa, ya haƙa, kankaren gindin ƙofar bai ƙare ba sai da rami ya kai tsayin mutum. Ya leƙo ya ce, "Wane mara aikin yi ne ya binne wannan?"

Kaka ya ɗaga sanda ya ce, "Kafinta na ƙarya."

Aka ɗaure ta da sarƙa aka ɗaga ta, ita da kankarenta, tana lilo a sama shuɗiya, motoci suka yi layi suna hon. Aka sauke ta bayan rumfata, fuskarta na kallon gada yadda take a da.

Injiniyar ta bar mini takardar. Karatuna bai yi nisa ba, sati guda na yi ina kwafar sunayen da farin fenti, kowanne ƙarƙashin ƙusarsa. Na Ba-Ka-Wanka ya yi tsawo har ya shiga gonar Ango, Kaka ya ce a bar shi, dama haka yake kwana. Ƙarƙashin tasa ya hana ni rubuta komai. Ya cire hularsa ya rataya, ya ce ya shekara hamsin bai yi ba, don ba ya son ta zauna ita kaɗai. Yanzu da sunaye a kewaye ba laifi. Kansa ya sha iska har yamma.

Gwaggo ta daina labarin aljanu, na gaskiyar ya fi sa a sayi lemo. Ni ke rufewa yanzu in ƙafar Kaka ta ƙi. Ina farawa daga Gajere in haura, kuma filayata tana can cikin rumfa, ba na zuwa da ita.