Takardar Gindin Gado

Mai asibitin da ke bayan tasha ne ya kashe ƙanwata, kuma rowarsa ce makamin.

Da safe aka yi mata aiki aka ciro ɗa namiji, aka kai ta ɗakin da suke kira na kulawa ta musamman. Injin waldana na sayar na biya, don an ce duk awa za a duba ta. Ashe nas ɗaya ce ke kan gado talatin. Ta zo ƙarfe takwas, ta daɗe tana rubutu a takardar da ke rataye a gindin gado, ta fita. Ba ta dawo ba.

Wajen sha ɗaya zanen gado ya jiƙe.

"Yaya, sanyi nake ji," in ji ƙanwata.

Na ruga ofishin likita, wato mai asibitin. Ko kai bai ɗago ba.

"Malam, kai ne likitan ko ni? Wace mai jego ce ba ta ganin jini? Je ka samo mata shayi."

Ƙarfe ɗaya saura ta cika. Inna na rufe mata fuska idona ya kai kan takardar. Ban yi boko ba, a jikin kwalayen kayan aiki na koyi karatu, amma na iya. Ƙarfe biyu, jini lafiya. Ƙarfe huɗu, ta sha ruwa. Ƙarfe shida, tana barci. Na dubi agogon bango, na naɗe takardar na sa a aljihu.

Bayan kwana uku likita ya zo shagona da kansa, da ambulan ɗin kuɗi a hannu.

"Haƙuri za a yi, ƙaddara ce. Takardar nan ta asibiti ce, a taimaka a dawo da ita."

"Ranka ya daɗe, wane haƙuri? Ai ku kuka rubuta tana barci. Jira nake ta farka."

Ya ajiye ambulan a kan benci. Na ɗauka da filaya na miƙa masa abinsa.

Inna ta ce, "Ka bar wa Allah mana, ɗan nan."

"Nawa na bar masa, Inna. Haƙƙin marayan da ke bayanki ne ba zan bari ba."

Wata bakwai ina zirga-zirga a hukumar kula da likitoci. Sau biyu fayil ya ɓace, sau biyu na kawo kwafi, don goma na buga. Ranar zama nas ɗin ta fashe da kuka, ta ce likitan ne ya umarce ta ta riƙa cike takardar yini guda tun da safe, don kada ya ɗauki nas ta biyu. Aka ciro fayilolin shekara biyu. Mutum huɗu suka samu da takarda ta nuna an auna jininsu bayan sun mutu.

An kori nas daga aikin jinya. Shi kuma an ƙwace lasisinsa, an garƙame asibitin, kotu ta ɗaure shi shekara biyar.