Agogon Zinarin Mubashir

Duk Kaura Namoda babu wanda bai san agogon Mubashir ba, don ko gaisawa zai yi sai ya naɗe hannun riga. Cewarsa, wani sarkin Larabawa ne ya cire shi daga hannunsa ya ba kakansa a Makka, kuma zinari ne tsantsa. Uzoma, dillalin tsofaffin agoguna, ya daɗe yana lallaɓa shi ya sayar, don a Legas akwai masu tara kayan sarakuna. Mubashir kuwa sai jan aji.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, yana zaune a shagon Uzoma ana ciniki, sai wani malamin Hisba ya leƙo, idonsa ya faɗa kan agogon.

“Malam Mubashir, ba ka san zinari haramun ne ga namiji ba?”

Mubashir ya yi wuf ya ce: “Wanga? Ai gwangwani ne, Malam! A kasuwar Shinkafi na tsince shi.”

Malamin ya sa masa albarka ya wuce. Uzoma ya mayar da kuɗinsa aljihu yana dariya, ya ce shi ba ya sayen gwangwani. Mubashir ya yi ta rantsuwa cewa tsoro ne ya sa, amma ciniki ya watse.

Da labari ya isa gida, matarsa Saude ta ƙwace agogon, ta ce in zinari ne ita ya halatta wa, in gwangwani ne bai dace da maigida ba. Da shi take zuwa biki yanzu.