Kafinta da Wuyan Jita

Kafinta bai taɓa yarda da abin da bai auna ba. Ranar da autarsa ta kawo jitarta shago don ya ɗaure mata wani noti da ya saki, sai ya zaro tef ya ɗora a wuyan jitar, yana auna tazarar 'yan ƙarafan da ke gicciye ƙarƙashin tsirkiyoyi. Ta farko ta fi ta biyu faɗi, ta biyu ta fi ta uku, haka suke ta tsukewa har ƙasa.

Ya girgiza kai. "Wanda ya yi aikin nan gyangyaɗi yake. Bar min ita in jera su daidai wa daida."

"Baba, don Allah kar ka taɓa su," in ji Auta.

Ta kaɗa tsirkiya ɗaya a sake, sannan ta ƙirga ƙarafa goma sha biyu ta danna, ta sake kaɗawa. Sautin ɗazu ne, sai dai ya ƙara sama, kamar uwa da 'yarta suna rera waƙa ɗaya.

"Auna tsirkiyar duka, ka ga inda yatsana ya tsaya."

Ya auna, ya sake aunawa. Tsakiya cif.

"Kowane ƙarfe kaso iri ɗaya yake ragewa daga abin da ya saura na tsirkiyar. Tunda kullum raguwa take, dole tazarar ta riƙa tsukewa," ta ce.

Kafinta ya naɗe tef a hankali, ya ɗaure notin kawai, ya miƙa mata jitar da hannu biyu.

"Ashe ni ne mai gyangyaɗin."