Hakin Wuyan Gado

A damanar 1978 nama ya fara tsaya wa Gado in ya haɗiya. Mahauci ne a kasuwar Tabotaki, shekarunsa hamsin da ƴan kai, bai taɓa shiga gidan likita ba. Da abin ya kai wata biyu, ya tafi wurin Takawa wanzami, taubashinsa.

Takawa ya zaunar da shi bisa tabarma yana fuskantar rana, ya danne masa harshe da kara, ya leƙa.

"Bawana, hakin wuya ne. Ga shi nan shina lilo kamar wutsiyar jaki. Wane makaho ya yi ma wanzanci kana jinjiri?"

"Ubanka."

"Allah shi jiƙan tsoho. Rannan idonai na bisa ƙwaryar hura."

Gado ya yi dariya. Sannan ya ɗora yatsa a tsakiyar ƙirjinsa.

"Amma ba bisa shika tsayawa ba. Nan ƙasa ne."

"Kai ka san naman akuya, ni na san na mutum. Buɗe baki."

Da ƴar lanƙwasasshiyar askarsa Takawa ya datse tsokar nan da ke rataye a ƙarshen ganɗa. Aikin ya yi kyau, jini bai zuba da yawa ba. Kwana bakwai Gado na shan kunu, kunu na wucewa, kowa ya ce an dace. Ran da ya koma ga tuwo, tuwon ya tsaya inda ya saba tsayawa.

Zaliha, matar Gado, ta ce a tafi gidan likita a Buza. Takawa ya ce saura ne ya bari, kuma bayan an yanke hatsi ya ƙara datsewa. Da ta sake magana, ya ce a jira miki ya warke, kada iskar mota ta shige shi. Haka wata bakwai suka wuce.

Da bazara hura ma ta fara dawowa. Takawa da kansa ya raka shi Buza. Majo, babban malamin gidan likita, ya dubi wandon Gado da aka ɗaure da igiya ninki biyu, ya rubuta musu takarda zuwa Tawa. A can aka ba Gado wani farin ruwa mai kauri ya sha, aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likita ya ɗaga hoton a taga. Farin ruwan ya sauko sosai kamar kara, ya zo tsakiyar ƙirji ya tsuke kamar zare. Ƙari ne, in ji shi, ya toshe hanyar abinci, ya kuma yaɗu.

"Da mun zo tun damana fa?" in ji Takawa.

"Ban ce da ya warke ba. Amma da akwai abin gwadawa."

A bayan kamiyo, babbar motar kaya, kan hanyar komawa, Gado ne ya fara magana.

"Hanya biyu ce, bawana. Ta gaba mai gurunguntsi, ta iska, ta tahi huhu. Ta baya mai laushi, ta tahi tumbi. Shekara talatin ina raba su da wuƙa."

"Mi ya hana ka matsa mini?"

"Ka ce ka san na mutum."

Bai faɗe shi da zafi ba. Ya rasu kafin ruwan farko na 1979.

Da layyar wannan shekara, Takawa ya roƙi Jima, wanda ya gaji rumfar Gado, ya fiɗe masa ragonsa ba tare da ya tsinke hanyar abinci ba. Jima ya zaro ta, daga mayanka har tumbi, ya shimfiɗa bisa fata. Takawa ya buɗe zabira, ya fito da ƴar askar, ya ajiye ta kusa da ita. Ko kwatan tsawonta ba ta kai ba. Ya daɗe tsugune. Jima ya tambaye shi ko zai iya ɗaukewa, ƙuda na taruwa. Ya ce ya ɗauke.

Bai bar wanzanci ba, jarirai kuma ya ci gaba da yi musu kamar yadda ya gada. Amma in babba ya zo da kukan haɗiya, ba ya cewa buɗe baki. Yana cewa ya nuna masa wurin da yatsa.